ICF: Tsarin Rarraba Aikin Jiki, Nakasa da Lafiya

ICF wani tsari ne na ƙasa da ƙasa da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta samar domin bayyana abin da mutum yake iya yi da abin da ke masa wahala a rayuwarsa ta yau da kullum. Babban taron hukumar karo na 54 ya amince da shi a ranar 22 ga Mayu 2001, da yardar ƙasashe 191 da ke cikinta a lokacin. Ana amfani da shi a asibitoci, cibiyoyin gashi da farfaɗo da marasa lafiya, ƙidayar jama'a, da kuma wajen tantance waɗanda suka cancanci tallafin nakasa.

ICF abokin tafiyar ICD ne, wato kundin sunayen cututtuka na hukumar. ICD yana faɗin sunan cutar, shi kuma ICF yana faɗin halin da cutar ta bar mutum a ciki. Mutum biyu za su iya samun shanyewar ɓarin jiki, lambarsu a ICD ɗaya ce, amma ɗaya ya koma kasuwarsa bayan wata uku, ɗayan kuma sai an ɗaga shi an kwantar.

Tarihi

A 1980 WHO ta fitar da wani tsari na gwaji mai suna ICIDH, wanda likitan Birtaniya Philip Wood ya jagoranci haɗa shi. Wannan tsari ya ɗauki nakasa a matsayin abin da ke bin layi ɗaya: cuta ta lalata gaɓa, lalacewar gaɓa ta hana aiki, rashin aiki ya mayar da mutum baya a cikin jama'a. Ƙungiyoyin masu nakasa sun soke shi saboda ya ɗora matsalar duka a jikin mutum, bai kula da matattakalar da ta hana mai keken guragu shiga ofis ko ƙyamar da ta hana shi samun aiki ba.

An shafe shekarun 1990 ana sake fasalinsa tare da gwaji a ƙasashe da dama, har aka kai ga ICF a 2001. A 2007 aka fitar da ICF-CY na yara da matasa.

Sassan tsarin

ICF ya ɗauki nakasa a matsayin sakamakon haɗuwar halin lafiyar mutum da muhallin da yake zaune. Yana da rukunoni sama da 1,400 a cikin babi 30, kuma kowane sashe yana da harafinsa:

b: ayyukan jiki, kamar gani, ji, tunani da ƙarfin tsoka. Babi 8.

s: gaɓoɓin jiki, kamar ƙwaƙwalwa, ido da ƙafa. Babi 8.

d: ayyuka da shiga harkokin jama'a, kamar tafiya, wanka, karatu, sana'a da ibada. Babi 9.

e: abubuwan muhalli, kamar kayan taimako, gine-gine, iyali, halayyar jama'a da dokoki. Babi 5.

Akwai kuma abubuwan da suka shafi mutum shi kansa, irin su shekaru, jinsi da ilimi. Tsarin ya ambace su, amma bai ba su lambobi ba saboda bambancin al'adu.

Yadda ake rubuta lambobi

Kowane rukuni yana da lamba. Misali, b210 gani ne, b280 jin ciwo, b730 ƙarfin tsoka, d450 tafiya da ƙafa, d510 wanka, e310 kuma iyali na kusa. Lambar ba ta cika sai an saka ɗigo da wata lamba mai nuna girman matsalar:

0: babu matsala, kashi 0 zuwa 4 cikin ɗari.

1: ƙaramar matsala, kashi 5 zuwa 24.

2: matsakaiciya, kashi 25 zuwa 49.

3: mai tsanani, kashi 50 zuwa 95.

4: cikakkiya, kashi 96 zuwa 100.

Ana saka 8 idan ba a tantance girman ba, 9 kuma idan rukunin bai shafi mutumin ba.

A sashen d ana rubuta lambobi biyu. Ta farko tana nuna abin da mutum yake yi a inda yake zaune, tare da duk wani taimako da yake samu. Ta biyu tana nuna abin da zai iya yi shi kaɗai. Don haka d450.13 na nufin mutumin da tafiya ke masa matuƙar wahala idan babu taimako, amma da sandarsa matsalar ƙarama ce. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita ke nuna tasirin muhalli.

A sashen e, ɗigo na nufin cikas, alamar tarawa kuma na nufin taimako. Idan aka rubuta e310+3, iyali suna ba da babban tallafi ke nan.

Ma'aunan da ke tafiya da shi

ICF kansa kundin rarrabawa ne, kuma ya yi wa ma'aikacin asibiti yawa ya bi shi duka a kan majinyaci ɗaya. Saboda haka aka samar da gajerun jerin rukunoni na cututtuka daban-daban, kamar shanyewar ɓarin jiki da ciwon baya. An buga na farko a 2004, na cututtuka 12 masu daɗewa a jiki.

WHODAS 2.0, wanda WHO ta fitar da littafinsa a 2010, jerin tambayoyi ne da aka gina a kan ICF. Akwai mai tambaya 36 da mai tambaya 12. Yana duba kwanaki 30 da suka wuce a fannoni shida: fahimta, motsi, kula da kai, mu'amala da mutane, ayyukan gida da na sana'a, da shiga harkokin al'umma.

Wasu ma'aunan sun girmi ICF kuma har yanzu ana aiki da su. Ma'aunin Barthel, wanda Florence Mahoney da Dorothea Barthel suka wallafa a Amurka a 1965, yana duba ayyuka 10 kamar cin abinci, sa tufafi da hawan matattakala, ya ba da maki daga 0 zuwa 100. Masu bincike suna danganta tambayoyin irin waɗannan ma'aunai da lambobin ICF domin a iya kwatanta sakamako.

Ƙidaya da batun harshe

A 2001 aka kafa Rukunin Washington a ƙarƙashin hukumar ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Rukunin ya tsara tambayoyi shida na ƙidaya a kan gani, ji, tafiya ko hawan matattakala, tunawa ko mayar da hankali, kula da kai, da fahimtar juna a magana. Amsoshi huɗu ne: babu wahala, akwai 'yar wahala, akwai wahala sosai, ba ya iyawa sam.

Da gangan aka cire kalmar nakasa daga tambayoyin. Idan aka tambayi mai gida ko akwai nakasasshe a gidansa, yakan tuna makaho, kurma ko gurgu ne kawai, wani ma ya ɓoye saboda kunya. Tsohuwar da ba ta iya gane fuska daga nesa ko ba ta iya sunkuyawa ba za a kira ta nakasasshiya ba, amma za a ce tana shan wahala idan aka tambaya ta wannan hanya. Shi ya sa ƙidayar da ta tambayi nakasa kai tsaye takan ba da adadi ƙasa da wadda ta tambayi wahalar aiki. Binciken alƙaluman jama'a da lafiya na Najeriya na 2018 ya yi amfani da waɗannan tambayoyi shida.

Fassara ma tana da tasiri a kan sakamako. Idan mai fassara bai bambanta 'yar wahala da wahala sosai ba, adadin zai sauya. Don haka akan fassara tambayoyin, wani daban ya mayar da su harshen asali, sannan a gwada su a kan masu jin harshen kafin a fita fili.

Amfani

Rahoton nakasa na duniya na 2011, wanda WHO da Bankin Duniya suka fitar, ya yi aiki da ma'anar ICF, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na mutanen duniya suna da nakasa. Rahoton WHO na 2022 ya ce mutum biliyan 1.3 ne, wato kashi 16. Taiwan ta koma tantance masu nakasa bisa ICF a 2012, dokar Jamus ta 2016 kan shigar da masu nakasa cikin harkokin al'umma ita ma ta ce a auna buƙatunsu bisa shi. ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022, ya ƙunshi wani sashe na ƙari don auna aikin jiki.

Suka

Masu suka sun ce tsarin yana cin lokaci kuma yana buƙatar horo, sannan ma'aikata biyu za su iya ba mutum ɗaya maki daban. Haɗa ayyuka da shiga harkokin jama'a a jeri ɗaya ya sa bambance su na da wuya. Wasu masu fafutukar haƙƙin nakasassu kuma suna ganin har yanzu hukuncin yana hannun ma'aikatan lafiya, alhali makin da aka ba mutum zai iya zama dalilin samun tallafi ko rasa shi.