Tarihin Binciken Sake Girman Huhu Bayan Tiyata

Sake girman huhu shi ne yadda ragowar huhu ke ƙara nama da sababbin 'yan jakunkunan iska bayan likitoci sun yanke wani sashe nasa. Abin da aka cire ba ya sake tsirowa. Wanda ya rage ne ke bunƙasa don ya cike gurbi. An shafe fiye da shekara ɗari ana muhawara a kan tambaya guda: girma yake yi na gaske, ko kumbura kawai yake yi kamar balan-balan da aka hura?

Binciken ya faro ne a Jamus a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da masana suka fara gwada cire huhu ɗaya a jikin dabbobi. Ga ɗan Adam kuwa, sai a 1931 aka dace, inda Rudolf Nissen ya cire wa wata yarinya 'yar shekara 12 huhun hagu a birnin Balin, ta kuma rayu. A 1933 Evarts Graham ya yi wa wani mai ciwon daji irin wannan aiki a birnin St. Louis na Amurka, mutumin ya ƙara shekara 30 a duniya.

A 1939 Roy Cohn ya gano abin da ke tayar da girman. Bayan ya cire wa ɓeraye huhu ɗaya, sai ya cika gurbin da kaki, ya hana ragowar huhun wurin miƙewa. Girman ya ragu ƙwarai. Ɓeran da aka bar masa gurbin a buɗe kuwa yakan mayar da abin da ya rasa cikin kusan mako biyu. Wato miƙewar da huhu ke yi cikin filin da ya samu a ƙirji ita ce ke zaburar da ƙwayoyin halittarsa su hayayyafa.

A shekarun 1990 Connie Hsia da abokan aikinta a Dallas suka nuna cewa yawan abin da aka yanke yana da tasiri. Babban karen da aka cire wa huhun dama, wanda ya haura rabin huhunsa, yakan yi sabon nama. Wanda aka cire wa na hagu, ƙasa da rabi, ragowar nasa buɗewa kawai yake yi.

Likitoci sun daɗe da lura cewa yaran da aka yi wa tiyatar tun suna ƙanana kan tashi da numfashi kusan daidai da na kowa, amma ana ganin manya ba su da wannan rabo. Rahoton da James Butler da abokansa na Boston suka wallafa a 2012 ya sauya wannan fahimta. Wata mata ce aka cire wa huhun dama tana da shekara 33. Cikin shekara 15 ƙarfin numfashinta ya yi ta ƙaruwa, hoton MRI kuma ya nuna jakunkunan iskar huhunta na hagu sun ƙaru da kimanin kashi 64 cikin ɗari.

A yau an karkata ga ƙwayoyin AT2 da ke bangon jakunkunan, waɗanda ke rarrabuwa su samar da sabon bango idan huhu ya miƙe. Girman da ɓera ke kammalawa cikin makonni, babban mutum shekaru yake ɗauka yana yinsa.