TARIHIN MAGUNGUNAN RABA MUTUM DA JARABAR ƘWAYA: DAGA JAMUS ZUWA AFIRKA

Kodin, tiramol da hiroyin 'yan gida ɗaya ne, likitoci na kiransu dangin ofiyom. Wanda jikinsa ya saba da su, ranar da ya rasa sai zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso masa, shi ya sa alkawarin "na daina" bai cika yin mako guda ba. Akwai magungunan asibiti da aka tanada domin wannan lalura, kuma sanin tarihinsu zai nuna mana abin da ya sa suka yi araha a wasu ƙasashe, a wasu kuma ko sunansu ba a ji.

Na farkonsu shi ne metadon. Masana biyu, Max Bockmühl da Gustav Ehrhart, suka haɗa shi a masana'antar Hoechst ta Jamus a ƙarshen shekarun 1930, suna neman maganin ciwo wanda ba sai an shigo da ofiyom daga waje ba. Da Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasashen da suka ci yaƙin suka ƙwace takardun mallakar fasahar kamfanoninta. A 1947 kamfanin Eli Lilly ya fara sayar da maganin a Amurka da sunan Dolophine, wasu kamfanoni ma suka shiga yi. Wato tun da wuri metadon ya zama maganin gama-gari, irin wanda kowane kamfani mai lasisi zai iya haɗawa ya sayar da sunansa na asali, kamar yadda ake yin farasitamol. Asalin arahar sa ke nan.

A lokacin, Amurka na ɗaukar ɗan ƙwaya a matsayin mai laifi kawai. Dokar Harrison ta 1914 ta ƙuntata sayar da dangin ofiyom, a 1919 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa likita ba shi da hurumin ci gaba da rubuta wa ɗan ƙwaya irin waɗannan magunguna don kawai ya zauna lafiya. Likitoci da dama suka fuskanci shari'a, sauran suka janye hannu. A 1935 gwamnati ta buɗe wata cibiya a Lexington ta jihar Kentaki, rabi asibiti rabi kurkuku. Ana tsare mutum har jikinsa ya wanke, amma mafi yawan waɗanda aka sallama sai su koma ruwa.

Sauyin ya zo a 1964 a cibiyar bincike ta Rockefeller da ke Niyok. Likitoci uku, Vincent Dole da Marie Nyswander da Mary Jeanne Kreek, suka gwada bai wa masu shan hiroyin metadon ta baki sau ɗaya a rana. Ƙarfin hiroyin kan sauka cikin 'yan sa'o'i, mai shanta ya wuni yana neman ta gaba. Metadon kuwa yana kai kwana guda a jiki, kuma idan an daidaita awonsa ba ya bugarwa, sai dai ya kwantar da ƙishirwar ƙwayar. Marasa lafiyar suka fara komawa aiki da makaranta. Sakamakon ya fito a 1965, likitocin suka kafa hujjar cewa jarabar ciwo ce mai daɗewa a jiki, wadda ke buƙatar magani na kullum kamar ciwon suga. A 1972 hukumar magunguna ta Amurka ta amince, amma da sharaɗi mai tsauri: sai a asibitoci na musamman, mutum ya zo ya sha a gaban ma'aikaci. Tsaurin na da dalili, domin metadon da aka sha ba bisa awon likita ba yana iya tsayar da numfashi.

Na biyu shi ne bufrenofin, wanda kamfanin Reckitt & Colman na Ingila ya haɗa a shekarun 1960, ya fitar da shi kasuwa a 1978 a matsayin maganin ciwo. Fifikonsa shi ne tasirinsa kan numfashi yana da iyakar da ba ya cika wucewa, don haka haɗarinsa bai kai na metadon ba. Faransa ce ta yi ƙarfin hali: daga 1996 kowane likita na iya rubuta shi, kuma cikin 'yan shekaru mace-macen da hiroyin ke jawowa suka ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Amurka ta amince da shi a 2002 da sunayen Subutex da Suboxone. Shi Suboxone an gauraya shi da nalokson, don wanda ya narka shi ya yi allura ya gamu da azabar rashin ƙwaya maimakon maye.

A nan rigimar kuɗi ta shigo. Kariyar da kamfanin ke da ita ta sayarwa shi kaɗai ta ƙare a 2009. A 2010 ya fito da sabon samfuri, wata 'yar falle da ake sawa ƙarƙashin harshe, mai sabuwar takardar mallaka. A 2012 ya ce zai janye ƙwayoyinsa na da saboda haɗarinsu ga yara, ya kuma nemi hukuma ta taka wa masu yin na gama-gari birki. Hukumar ta ƙi, ta amince da ƙwayoyin gama-gari a 2013, da fallen gama-gari na Mylan da Dr. Reddy's a 2018. A 2019 Reckitt Benckiser ya biya dala biliyan 1.4 don sasantawa da gwamnatin Amurka ba tare da amsa laifi ba. A 2020 wani reshen Indivior, kamfanin da ya gaji maganin, ya amsa laifin ba da bayanan ƙarya kan amincin fallen ga yara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa metadon da bufrenofin cikin jerin magungunan da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada a 2005. Moroshiyas ta fara a 2006, Tanzaniya a asibitin Muhimbili na Darussalam a 2011, Kenya a 2014, Senegal ma ta buɗe cibiyarta a Dakar.

A Najeriya, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan irin su tiramol da kodin ba don jinya ba. A shekarar gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, a 2019 kuma 'yan sanda suka kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Katsina. Haramtawa da tsarewa hanya ce da Amurka ta bi kusan shekara hamsin kafin ta gane sai an haɗa da magani.

Wanda ke da ɗan uwa a wannan hali, ya kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin gwamnati, likita ya duba abin da ya dace da shi. Kada a sayi waɗannan magunguna a kemis ko wurin 'yan tebur, domin awon da ya ceci wani yana iya kashe wani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana 'ya'yanmu.