Bindiga Ɗaya Tak: Tarihin Wata Tsohuwar Gardama

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar dattawan Sabo bayan sallar Isha'i, musamman da rani in baƙin maharba suka sauka, ya san wannan gardama. Wani zai jefo tambaya: in an ce ka riƙe bindiga ɗaya tak har ƙarshen rayuwarka, ka harbi zabo da ita, ka harbi gada, ka tsaya gaban ɓauna, wacce za ka ɗauka? Daga nan sai murya ta tashi. Wannan ya ce baushe, wancan ya ce mai baki biyu, wani tsohon ɗan sanda ya ce ai ba a yi kamar mak-fo ba. To, gardamar ta girme mu, ta girmi Sabon kanta da aka kafa a 1916. Mun ga ya kyautu mu bi sawunta, don akwai abin da ya shafe mu a yau.

Kakanninmu maharba da kwari da baka suka fara, ƙarfinsu yana ga dafin kibiya. Shi ya sa har yanzu shugaban maharba Sarkin Baka ake ce masa, ko da bai taɓa ɗana kibiya ba. Bindiga ta daɗe da shigowa, don tun ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno yana da 'yan bindiga. Amma ta hannun talaka daga bakin teku ta hauro. Turawa suna kiranta da sunan mutanen Denmak, waɗanda suka riƙe ganuwar Osu a Ankara har 1850, ko da yake da yawa daga cikin bindigogin a Bamingam ta Ingila aka ƙera su. Mu kuma muka ce mata bindigar toka, ko baushe.

Me ya sa ta zauna da gindinta? Saboda ba ta da tsirfa. Cikin bututunta sumul yake, ta baki ake ɗura mata albarushi, abin da ka ba ta shi za ta ci. In zabo ko makwarwa ka fita nema, ka zuba ƙananan dalma. In gwanki ne, ka sa dunƙulalliya. Maharban giwa kuwa sango suke cusa mata, wato gajeren mashi mai dafi. In ta lalace, maƙerin gari zai gyara, a Kano ne ko a nan Badun wajen maƙeran Yarbawa. Aibinta ma kowa ya sani. Ba ta cin nisa, ba ta son damina, kuma kafin ka sake ɗuri naman ya tsere ko ya iso kanka. Ba banza aka laƙaba mata harba-ka-ruga ba.

A garin nan da muke zaune an ga iyakarta da ido. A yaƙin Kiriji, wanda aka fara a 1877 bai mutu murus ba sai 1893, mutanen Ekiti da Ijesha sun samo sababbin bindigogi ƙirar Snider ta hannun 'yan'uwansu na Ikko. Waɗannan ta baya ake sa musu harsashi, cikin bututunsu kuma da murɗaɗɗen tsagi mai sa dalma ta tafi tana juyawa, ta yi nisa ba ta kauce ba. Mayaƙan Badun, da duk jarumtarsu, sun ji a jikinsu.

Turawa ma sun lura, kuma ba su so ba. A ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashensu suka sa hannu a yarjejeniyar Burasal. Ta hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindiga mai tsagi da harsashinta, tun daga tsakiyar Sahara har kusa da kudancin nahiyar. Abin da aka bar mana shi ne bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Kun ga ke nan, kakanninmu ba zaɓar baushe suka yi a cikin goma ba. An rufe musu ƙofa ne, suka yi gwaninta da abin da ya rage. Shekara 13 bayan haka, a 1903, aka shigo Kano da Sakkwato da irin makaman da aka hana mu.

Su da ƙofa ke buɗe musu, sai suka faɗa cikin gardamar da muke yi a majalisa. Baturen da ya kafa gona a Kamaru ko Tanganyika bai da kuɗin bindiga biyar. Ɗaya yake so, wadda za ta kawo naman miya ta kuma kare shanu daga zaki. A 1905 wani maƙeri a Balin, Otto Bock, ya fito da harsashin da ake kira 9.3x62. Lambar farko kaurin dalma ce a milimita, ta biyu tsawon kwanso. Ya yi shi ne ya shiga bindigar Mauser ta 1898, wadda ke da araha kuma ba ta jin ƙura. Manoman nan suka rungume ta.

Ingilishi suka mayar da martani a 1912, lokacin da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar da .375, mai kaurin milimita 9.5. Dabararsu ita ce dalma kala uku a bindiga ɗaya: marar nauyi don barewa, matsakaiciya don gwanki, mai nauyi don ɓauna da giwa. Ashe ba abin da maharbinmu ke yi da baushe ba ke nan? Har gobe a ƙasashen Afirka da dama da ake farauta da lasisi, .375 ne mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a tunkari naman da ke kisa da shi.

Sai ga wani mutumin Sikotlan, Walter Bell, da ake wa laƙabi da Karamojo, ya rikita lissafin. Giwa 1,011 ya kashe, mafi yawansu da 'yar bindiga mai milimita 7, wadda masana ke cewa ta barewa ce. Ba yabonsa muke ba, don irin ɓarnarsu ce ta ƙarar da giwayen nahiyar nan. Amma dalilinsa abin ji ne. Harsashinta bai taɓa ƙin tashi ba, ba ta da nauyi a doguwar tafiya, ba ta dukan kafaɗa har mutum ya riƙa runtse ido, kuma ya yi nazarin kan giwa har ya san inda ƙwaƙwalwa take. Waɗanda suka kwaikwaye shi ba tare da wannan sani ba, wasunsu ba su dawo gida ba.

To ina mak-fo ta tsohon ɗan sandanmu? Ita ce Lee-Enfield mai harsashi .303, mai cin guda 10, wadda iyayenmu suka riƙe a yaƙin Bama. Bindiga ce ta gaske, amma dokar makamai ta 1959 ta sa ta a jerin na soja, waɗanda farar hula ba ya riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa. Dokar ta kasa bindigogi uku. Bayan na soja akwai na farauta masu harsashi, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, irin baushe, su kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ko baushen gado ce, doka tana son takarda.

Saboda haka maharbin da ya samu hali, mai baki ɗaya ko mai baki biyu ya koma, mai lamba 12. Ma'anar lambar ita ce, dunƙulen dalma 12 masu cika bakinta su ne laba ɗaya. Jikar baushe ce: ciki sumul, ka canja harsashi gwargwadon nama. Kuma ta ishe shi, don dajin ma ya canja. Giwa ta koma 'yan tsiraru a Yankari da kurmin Omo, doka ta hana taɓa ta. Abin da ya rage wa maharbi shi ne gyazbi da gada da zabo.

In aka tattara, amsar Balin da ta Landan da ta maƙerin ƙauyenmu ɗaya ce. Bindigar da ta fi ita ce wadda kake samun abincinta, kake da mai gyara ta, hannunka ya saba da ita, kuma ta dace da naman da ke dajinka. Mu mazauna kudu sai mu ƙara na biyar, wanda muka koya da hawaye. A ƙarshen Maris 2025, ana shirin ƙaramar salla, aka tare motar maharba a Uromi ta jihar Edo suna hanyar Kano daga wajen Fatakwal. Aka ga bindigogin toka, aka yi musu ihun masu satar mutane, aka kashe 16. Allah Ya ji ƙansu, Ya sa sun huta. Alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka kashe su, wannan ba gardama.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Duk maharbin da ya sauka a unguwar nan, mu masu masauki mu tambaye shi takardar bindigarsa da katin ƙungiyarsa. Mu kai shi gaban Sarkin Sabo a san da shi, a gabatar da shi ga maharban Yarbawa na dajin da zai shiga, a sanar da 'yan sanda kafin ya hau mota da makami. In an yi haka, sai a koma majalisa a ci gaba da musu tsakanin baushe da mai baki biyu. Allah Ya tsare mana matafiyanmu.