Bcl-2: Furotin Ɗin Da Ke Hana Ƙwayoyin Jiki Mutuwa

A ɗakunan binciken sankara, daga Melbon ta Ostareliya zuwa Filadelfiya ta Amurka, akan tarar da wata 'yar kwalba da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, kwance cikin firiza mai tsananin sanyi. Abin da ke cikinta furotin ne na ɗan Adam mai suna Bcl-2, amma ƙwayoyin bakteriya da ake kira E. coli ne suka ƙera shi, bayan an cusa musu ƙwayar gadon mutum. Kafin a kai ga wannan kwalba sai da masana suka amince da wani zance mai wuyar haɗiya, wato cewa ƙwayoyin jiki kan kashe kansu bisa tsari, kuma lafiyar mutum ta rataya a kan hakan.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara dagewa a kan zancen shi ne John Kerr, likitan binciken cututtuka daga birnin Birisben. A shekarun 1960 ya riƙa ɗaure wata jijiyar jini da ke ciyar da hantar ɓera, ya zuba ido ya ga yadda ƙwayoyin hantar za su mutu. Sai ya ga mutuwa iri biyu. Wasu ƙwayoyin sukan kumbura su fashe, su ɓata wurin, kumburi ya biyo baya. Wasu kuwa sai su tsuke, su kakkarye zuwa ƙananan ƙunshi, maƙwabtansu su haɗiye su, ko tabo ba a gani. A 1972, shi da Andrew Wyllie da Alastair Currie na Jami'ar Abadin da ke Sukotlan suka buga bayanin wannan mutuwa ta biyu. Wani farfesan harshen Girka a jami'ar, James Cormack, ya ba su suna, apoptosis, kalmar da ke nufin kakkaɓewar ganye daga bishiya. Ta wannan hanya ce yatsun ɗan tayi ke rabuwa a cikin mahaifa, ta ita ce kuma jikin baligi ke zubar da biliyoyin ƙwayoyi kowace rana. Duk da haka, fiye da shekara goma yawancin masana suka yi biris da takardar.

Allurar da ta tono garma ta fito ne daga wata sankara. A 1984, Yoshihide Tsujimoto, ɗan Japan da ke aiki tare da Carlo Croce a Cibiyar Wistar ta Filadelfiya, yana nazarin wata sankarar kaluluwa inda kiromosom na 14 da na 18 suka yi musanyar guntaye. A daidai mahaɗar ya gano wata ƙwayar gado da ta faɗa kusa da makunnin da ke aiki ba dare ba rana, don haka take ta zubo furotin fiye da kima. Aka raɗa mata Bcl-2. Kowa ya ɗauka aikinta irin na sauran ƙwayoyin gadon sankara ne, ta ingiza ƙwaya ta yi ta hayayyafa.

Wani ɗalibi ne ya rushe wannan zato. A 1988, David Vaux, tare da malamansa Suzanne Cory da Jerry Adams a Cibiyar Walter da Eliza Hall ta Melbon, ya sa Bcl-2 cikin ƙwayoyin jini, sannan ya janye musu sinadarin da ke raya su. Ƙwayoyin da ba a taɓa ba suka mutu. Masu Bcl-2 ba su hayayyafa ba, amma suka zauna daram, suka ƙi mutuwa. Daga nan aka gane cewa sankara na iya tasowa daga ƙin mutuwa. Shekara huɗu bayan haka, a Jami'ar Sitanfod, Vaux ya sa ƙwayar gadon mutum ɗin cikin wata 'yar tsutsa mai suna C. elegans, wadda aka san ƙwayoyi 131 daga cikin 1,090 na jikinta dole su mutu yayin girma. Furotin na mutum ya kuɓutar da da yawa daga cikinsu.

Ɓangaren da ba a cika ba shi haƙƙinsa a wannan tarihi ba shi ne na kalsiyam, sinadarin da jama'a suka fi sani da ƙarfafa ƙashi. A cikin ƙwaya, kalsiyam ɗan saƙo ne. Wanda ke wajen ƙwaya ya ninka na ruwan cikinta kamar sau 10,000, saboda ƙwaya takan kore shi waje ko ta kulle shi a wani rumbu na ciki. Idan aka buɗe ƙofar rumbun kaɗan, sai tsoka ta motsa, ko ƙwayar garkuwar jiki ta farka. Idan kuwa ƙofar ta wage, kalsiyam yakan kwarara cikin mitokondiriya, injin da ke ba ƙwaya ƙarfi, ya cika shi har ya ɓalle, mutuwa ta soma. A 1994 rukunin Clark Distelhorst a birnin Kilibilan na Amurka ya nuna Bcl-2 yana da hannu a wannan kwarara. A 2000 Paolo Pinton da Rosario Rizzuto a Italiya suka ga yana rage yawan kalsiyam da ke ajiye a rumbun. Daga baya rukunin Distelhorst ya nuna furotin ɗin yana kama ƙofar rumbun da kansa, ya hana ta wagewa. Ke nan gadi biyu yake yi: yana riƙe furotin masu huda mitokondiriya, yana kuma tsare bakin rumbu.

Sanin aikin furotin ba ya isa a yi masa magani, sai an riƙe shi a hannu an ga siffarsa. A nan dabarar da Stanley Cohen da Herbert Boyer suka fito da ita a 1973 ta yi rana, ita ce ta haifar da insulin na ɗan Adam da bakteriya ke yi, wanda aka amince da shi a 1982. A kamfanin Abbott, Stephen Fesik da abokan aikinsa suka sa bakteriya ta yi musu Bcl-xL, ɗan'uwan Bcl-2, suka fitar da siffarsa a 1996. Shi Bcl-2 ya yi taurin kai, ba ya narkewa yadda ake so, sai da suka cire masa wani ɓangare suka ɗora guntun Bcl-xL a gurbin, kafin su samu siffarsa a 2001. Siffar ta nuna wani dogon kwari a jikinsa, inda yake danne furotin masu kisa. Suka shiga gwada dubban ƙananan sinadarai a kan Bcl-xL na kwalba, wanda shi ma ke da irin wannan kwari, suna neman wanda zai toshe kwarin.

A 2005 aka samu sinadarin da ke toshe kwarin, mai suna ABT-737. Magajinsa, navitoclax, ya taɓa Bcl-xL shi ma, sai ƙwayoyin da ke daskarar da jini suka riƙa raguwa a jikin marasa lafiya. Aka sake sassaƙa shi har ya zama venetoclax, mai auna Bcl-2 kaɗai. Ƙarfinsa ya zo da hatsari: ya kashe ƙwayoyin sankara da sauri har abin da ke cikinsu ya malale cikin jini, fotashiyam ya hau, kalsiyam ya faɗi, marasa lafiya biyu suka rasu a gwaje-gwajen farko. Shi ya sa har yau, a wasu nau'o'in sankarar jini, ake fara shi da miligiram 20, a hau a hankali zuwa 400 cikin mako biyar. A watan Afrilun 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga wani nau'in sankarar jini, shekara 32 bayan aikin Tsujimoto.

Venetoclax ya toshe kwarin, amma masu bincike a birnin Luben na Beljiyam sun ga bai raba Bcl-2 da ƙofar rumbun kalsiyam ba. Wannan gadi na biyu shi ne rukunin Distelhorst ya auna da wani guntun furotin da suka haɗa, mai suna BIRD-2. A farantin gwaji yana janye Bcl-2 daga bakin rumbun, kalsiyam ya kwararo, ƙwayoyin sankarar jini su mutu.