Masu Adana Hayaƙi

Hausawa kan ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Da wannan ido ake yawan kallon mutanen da ke tsayuwa a gefen layin dogo a Amurka, riƙe da kyamara, suna dakon jirgin ƙasa. Ni kuwa ina ganin tarihi suke rubutawa, ko da ba su riƙe alƙalami ba.

Babbar hujjata ita ce O. Winston Link, mai ɗaukar hoton tallace-tallace daga New York. A shekarar 1955 ya lura cewa kamfanin Norfolk and Western ne kaɗai ya rage cikin manyan kamfanonin ƙasar da bai sauya injin tururi da na dizal ba. Ya san kwanan tururin ya kusa ƙarewa, sai ya shiga bin layin da kuɗin aljihunsa har zuwa 1960, lokacin da aka kashe wutar injunan. Ya ɗauki hotuna fiye da 2,000, kuma fitattun cikinsu da dare aka ɗauke su, domin a duhu ne hayaƙi ke fitowa fari fat idan haske ya buge shi. Hotonsa na garin Iaeger a 1956, inda jirgi ke keta dare a bayan masu kallon fim daga cikin motocinsu, ya ci ƙwan fitila fiye da 40. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ya haɗa jirgi da jama'ar da ke rayuwa a gefensa: masu kanti, yara masu wanka a rafi, da masu zuba kwal.

Ɗakunan sigina ma haka suka shuɗe. Benaye ne masu tagogi a mahaɗar layuka, inda ma'aikaci ke jan sandunan ƙarfe don sauya wa jirgi hanya. An sarƙe sandunan da juna ta yadda ba zai iya ba jirgi izinin wucewa ba sai hanyar ta daidaita. Tun daga 1927, da aka fara sarrafa layi mai tsawo daga ɗaki guda a jihar Ohio, benayen suka riƙa zama kufai. Na Harris da ke Harrisburg, wanda aka buɗe a 1930 aka rufe a 1991, ya tsira ne saboda ƙungiyar masoya jirgin ƙasa ta karɓe shi ta mayar da shi gidan tarihi.

Kamfani yana adana lissafin riba da asara, amma da wuya ya adana fuskar wanda ya kwana a farke don kada jirage biyu su yi karo. Wannan giɓi masu kyamarar suka cike. Da ba su tsaya a gefen layi ba, da jikokin ma'aikatan sun gaji sunan sana'ar kakanninsu ba tare da sun taɓa ganin kamanninta ba.