Tarihin Rage Cin Wutar Manyan Kwamfutoci

Manyan kwamfutocin bincike, irin waɗanda ake hasashen yanayi da nazarin magunguna da su, tun asali akwai su da cin wuta. ENIAC, wadda aka ƙaddamar a Jami'ar Pennsylvania a 1946, tana jan kimanin kilowat 150. Ita kuwa Cray-2 ta 1985, saboda tsananin zafi, sai da aka nutsar da allunanta cikin wani ruwan sinadari mai suna Fluorinert. Duk da haka an daɗe ana tseren sauri ba a waiwayi mita ba. Jerin TOP500 da aka fara a 1993 ma sauri kaɗai yake dubawa.

A 2002 wani mai bincike, Wu-chun Feng, ya haɗa Green Destiny a cibiyar Los Alamos ta Amurka. Firosesa 240 ke cikinta, kilowat 3.2 kacal take ci, kuma a wani sito mai ƙura aka girke ta, ba tare da na'urar sanyi ta musamman ba. Ba ta yi fice a sauri ba, shi ya sa da yawa suka raina ta. Amma ba a jima ba magana ta fito fili. Wajen 2005 ƙanƙanta transista ya daina rage cin wuta yadda aka saba, zafi ya hana ƙara wa firosesa gudu. IBM ta riga ta hango haka da Blue Gene/L, inda ta tara dubban firosesa marasa gaggawa, ta kuma hau kan TOP500 a 2004. A 2007 Feng da Kirk Cameron suka buɗe jerin Green500, mai auna lissafi nawa ake samu daga wat ɗaya.

Awon nan shi ne ƙashin bayan tarihin, domin abin da ba a auna ba, ba a san inda yake yoyo ba. Da farko ƙa'idar Green500 ta yarda a auna ɗan yankin injin na ɗan lokaci, sai wasu suka riƙa zaɓar daidai lokacin da jan wuta ya sauka. Shi ya sa a 2015 aka tsaurara ƙa'idar. Tun 2011 Intel ta sa tsarin RAPL cikin firosesanta, wanda ke nuna wutar da ake ci nan take, ya kuma ba mai kula damar sa mata iyaka. Ta fuskar zafi kuwa, kwamfutar SuperMUC ta Jamus ta fara aiki a 2012 ana sanyaya ta da ruwan ɗumi, LUMI ta Finlan kuma da zafinta ake ɗumama gidaje a garin Kajaani.

Wani rahoto na hukumar DARPA a 2008 ya nuna wuta ce babban shingen kai wa ga lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya, aka sa burin megawat 20. Kwamfutar K ta Japan a 2011 tana cin megawat 12.7. Frontier ta Oak Ridge ta tsallake shingen a 2022 da kimanin megawat 21, saurinta ya ninka na K kusan sau ɗari.