Sinima da ganuwa: gidajen kallo na Kano, 1937-1990

A ganinmu, tarihin gidajen sinima na Kano tarihin ganuwa ne, wato sanin abin da aka yarda ya shiga birni da abin da aka bari a waje. A 1937 wani ɗan kasuwar Labanan ya buɗe Rex, fili marar rufi, a wajen birni. Majigin gwamnati, mai koyar da tsabta da noma, kyauta ne, har ƙofar fada ake kai shi. Sinima kuwa ta kuɗi ce, ta dare, ana danganta ta da mashaya da karuwai.

Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta kama sinimar El Duniya, mutum 331 suka rasu. Jama'a da yawa suka ɗauki abin hukuncin Allah ne. Duk da haka, a farkon shekarun 1950 aka buɗe Palace a Jakara, cikin ganuwa, malamai suna ta suka.

Finafinan Indiya suka riƙe ƴan kallo shekara da shekaru. Daga Turmin Danya (1990), bidiyon Hausa ya kai kallo cikin gida, wurin matan aure da aka hana zuwa sinima. Abin da ganuwa ta tsare, kaset ya shigo da shi ta zaure.